Sanda Goma Sha Huɗu

Ƙarfe uku saura kwata na ranar Juma'a wayar ofis ta yi ƙara. Sufeto Lin ta ɗauka, ta saurara, sannan ta ture kofin shayinta gefe.

An yi sata a hawa na huɗu na wani ginin 'yan kasuwa a unguwar Xiaobei, kuma mai ƙarar Bahaushiya ce. Irin wannan ƙara teburinta take zuwa, domin duk ofishin ita kaɗai ke jin Hausa. A jami'a ta karanta harshen a Beijing, ta ƙara da shekara guda a Kano, inda malaminta ya raɗa mata suna Sauda. Har yau Hausawan Guangzhou ba su gama dariyar sunan ba: Sauda, amma fara sol kamar alli.

Watan Yuli ne, saura 'yan makonni a buɗe wasannin Olamfik, 'yan sanda kuma sun matsa da duba biza. Shi ya sa da ta fito daga lifta da Saje Wu a bayanta, barandar da ke cike da mutane ta washe kamar an yi ruwa an ɗauke.

Mutum ɗaya ce ba ta motsa ba. Doguwar budurwa ce, da ɗankwali da rigar wasanni, tana tsaye a ƙofar wani sito, hannuwa a harɗe.

"Ke ce Najiba?"

"Ni ce, Sufeto. Ɗaliba ce ni, ga fasfo, ga biza, ga katin makaranta. Duba su da wuri, don ba ni da lokaci."

Sufeto ta ɗan yi murmushi. "Me aka sace?"

"Jakar golf. Sanda goma sha huɗu. Jiya da yamma na ajiye ta nan, siton yayana ne. Gobe ƙarfe tara na safe jirgina zai tashi daga filin jirgin Baiyun zuwa Ingila."

"Gasa za ki?"

"Share fagen gasa tukuna. Manyan gasannin mata huɗu ne a duniya, wannan ɗaya ce daga cikinsu. Zakaru da waɗanda sunansu ke saman jadawali, kai tsaye suke shiga. Irina kuwa sai mun bi ta ƙaramar ƙofa. Ranar Litinin za mu buga rami goma sha takwas, a tankaɗe mu. Waɗanda suka tsira su jira zagaye na ƙarshe, a sake tankaɗewa, a ɗauki 'yan ƙalilan. In aka kira sunana ranar Litinin ban tsaya da sanda a hannu ba, akwai wadda ke layin jira, ita za a ba wa gurbina. Shekara biyu na yi ina tara sakamako kafin ma su karɓi takardata."

"Ba za ki iya sayen wasu ba?"

Najiba ta dubi barandar, ta tabbatar babu kowa, sannan ta zaro safar hannu ɗaya daga aljihu. Sufeto ta juya ta. Ta hannun dama ce.

"Mai bugu da dama a hagu yake sa safa," in ji Najiba. "Ni bahaguwa ce. Sanduna na juye suke, kuma daidai tsayina aka ƙera su. Sati shida aka yi kafin su iso."

"Amma da dama kika miƙo mini fasfo."

"Da dama nake ci, da dama nake rubutu, da dama nake gaisuwa. Kakata ta ɗaure mini hagun da zani har na shekara bakwai, in na ɗauki cokali da shi ta buge shi da muciya. A filin golf na Kano, inda babana ke gyaran ramuka, a nan kaɗai babu mai kallona. Wani Bature ya bar tsohuwar sandar hagu, na ɗauka, shi ke nan."

"Wa ya san haka a nan?"

"Yayana kaɗai. Jakar kullum a rufe take da kwaɗo. Kuma shekarata biyu a garin nan, babu Bahaushen da ya taɓa zuwa ya ga ina wasa. Sai dai su ce ga 'yar Turawa ta wuce."

"To, ki bar shi a cikinki," in ji Sufeto. "Kada ki faɗa wa kowa."

Ta durƙusa ta duba ƙofar. Ba a ɓalle ta ba, ko ƙwarzane babu. A ƙasa, inda jakar ta kwana, akwai zaren koren buhu da guntun salatif mai ruwan ɗorawa, irin na masu ɗaure kayan jirgi. An naɗe jakar a nan cikin sito, ba cikin gaggawa ba. Makullai biyu ne, in ji Najiba: ɗaya wurin yayanta Abdulhakeem, ɗaya wurin Tankari, mai aika kaya.

Abdulhakeem na shagonsa a hawa na biyu, a tsakiyar dilolin riguna, yana zufa duk da fanka.

"Ina kake tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu, lokacin da kowa ya fice daga ginin?"

"Masallaci mana, ranki ya daɗe. Yau Juma'a."

"An ce ba ka son wasan nan na ƙanwarka."

"Wa zai so? 'Ya mace tana bin ƙwallo a rana kamar mai kiwon zabi! Amma ni in sace kayanta? Haba!"

Sufeto ta nuna wata leda da yake ƙoƙarin turawa ƙarƙashin tebur da ƙafa. Tambarin wani shagon ɗinki na kasuwar Shisanhang ne a jiki, da takardar karɓar kaya an buga mata lokaci: ɗaya da minti ashirin.

"Liman a Shisanhang ya yi huɗuba yau?"

Abdulhakeem ya sunkuyar da kai. Ya zaro rigar sanyi kore da fari, an ɗinka NAJIBA a baya da zare mai ƙyalli.

"An ce can akwai sanyi ko da damina. Raka'a ɗaya na samu, Allah Ya yafe mini. Don Allah kada ki gaya mata, sai ta raina ni."

Sufeto ta rubuta.

Tankari mutumin Maraɗi ne, gajere mai faɗin ƙirji. Ta same shi a ƙofar baya yana sa ido ana loda buhuna a motar da za ta kai kaya Baiyun ƙarfe biyar.

"Madam Sauda! Baƙar Sin! Mi ya hwaru kuma?"

"Makullin sito."

"Lakile? Wallahi ba ya barin wuyana, ko wanka nike."

Ya jawo igiyar da ke wuyansa. Babu komai a jikinta. Ya tsaya yana kallon igiyar, sannan a hankali ya sa hannu aljihun wando ya fito da makullin.

"Wanda ya ara ya dawo maka da shi kana tsakiyar aiki, ka jefa aljihu," in ji Sufeto. "Wane ne?"

Fara'ar Tankari ta ɗauke. "Madam, mutane da yawa na ara, wani salatif, wani buhu. Ni a garin mutane ba ni miƙa ɗan'uwa ga 'yan sanda. Ki kai ni kamisariya, ofishin naku, in kina so."

Ta san wannan katangar, ta sha cin karo da ita. Ba ta tsaya dukanta ba. Ta dubi agogo, huɗu da minti goma, ta ce wa Saje Wu da Sinanci ya tsaya kusa da direban motar, sannan ta sa aka tara kowa a shagon Abdulhakeem.

Da aka tabbatar ba biza ta zo dubawa ba, sai ga mutane sun fito daga ko'ina. Kowa da shawararsa. Wani ya ce a yi saukar Alƙur'ani, wani ya ce dama ishara ce Allah Ya nuna. Wanda ya fi kowa jaje shi ne Ƙasimu, ɗan Kano mai saya wa wani babban mutum kaya, mai farar shadda da turare.

"Wallahi abin ya taɓa ni," yake cewa. "Ƙanwarmu ce fa. Sai haƙuri, Najiba, baɗi ma rana ce."

Sufeto ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Da wuya a samu jakar kafin gobe. Shawarata ita ce a tafi yanzu a sayo mata wasu sandunan. Wa ya san shagon kayan golf?"

"Ranki ya daɗe, kada ma ku wahalar da kanku," in ji Ƙasimu da sauri. "Na hagu ba a ajiye su a shago. Duk lawban ɗin, wato mai shago, da kika tambaya, meyo zai ce miki, babu. Sai dai oda."

Najiba ta ɗago kai. Abdulhakeem ya juyo gaba ɗaya.

"Na hagu?" in ji Sufeto a hankali. "Wa ya ce maka na hagu ne?"

"Ai... ai kowa ya sani."

"Malam Tankari, da wane hannu Najiba ke wasa?"

"Dama mana. Da shi take gaishe ni kullum."

Ta tambayi mutum uku, duk dama suka ce.

"To, Abdulhakeem ne ya faɗa mini," in ji Ƙasimu.

"Ni?" Abdulhakeem ya miƙe. "Abin da gidanmu aka shekara ashirin ana ɓoyewa? Ko matata ban gaya wa ba!"

"Ka taɓa zuwa filin da take wasa?" in ji Sufeto.

"A'a."

"Ka taɓa ganin jakar a buɗe?"

"A'a... wato, sau ɗaya..."

"Yaushe?"

Ƙasimu ya kau da kai. Sufeto ta miƙa hannu ta nuna ɗan katin da ke leƙowa daga aljihun rigarsa. Ya ba ta. Katin wani shagon kayan golf ne a unguwar Tianhe. Ta buga lambar a gaban kowa, ta yi magana da Sinanci na minti ɗaya, ta kashe.

"Mai shagon ya ce ƙarfe biyu wani mutum mai farar riga ya zo da jaka a cikin koren buhu, yana tambayar darajarta. Da aka yanke kwaɗon, mai shagon ya ce masa sandunan na hagu ne. Mutumin ya roƙa a musanya masa da na dama, aka ce babu. Ya ce har yanzu shagonsa ƙamshin turare yake. In kira shi ya zo?"

Ƙasimu ya zauna a kan dila.

"Oga ne," ya ce da ƙyar. "Ya shiga kulob a Abuja, wata uku yana damuna in kawo masa sanduna na gaske, ba jabu ba. Da na ga jakar a sito, sai na ce ai ga su, na ari makullin Tankari. Wallahi ban san sanda tana da hagu da dama ba! Sanda ai sanda ce."

"Ina jakar?"

"A motar Tankari. Na rubuta ƙarfen labule a jiki. Tunda ba ta da amfani, so nake kawai ta bar ƙasar."

"La ilaha illallahu!" in ji Tankari, ya ruga ƙasa.

Direba ya riga ya tada mota, Saje Wu na tsaye a gabanta. Buhu na tara aka sauke kafin a kai ga dogon ƙunshin. Najiba ba ta jira wuƙa ba, da haƙori ta fara yage salatif ɗin. Ta zaro sandunan ɗaya bayan ɗaya, tana duba kan kowace, tana ɗaga ta saitin ido ko ta lanƙwashe. Goma sha huɗu, lafiya lau.

Saje Wu ya fito da ankwa. Nan fa dattawa suka kewaye Najiba.

"'Yata, tunda an samu kaya, a kashe maganar a gida."

"Ki janye ƙara. Korarsa za su yi daga ƙasar, yana da iyali."

Ƙasimu ma ya samu baki. "Najiba, ki dubi Allah. Ni na ɗauka wasa ne kawai, abin rage lokaci. Ban zaci za ki kai ko'ina da shi ba."

Sufeto ta zura wa yarinyar ido. Ta ga ƙararraki da yawa sun mutu a daidai wannan gaɓar.

Najiba ta ja zif ɗin jakar, ta miƙe tsaye.

"Baba, ranar Litinin in na kuskure bugu ɗaya, da hannuna zan rubuta shi a kati, in sa hannu a ƙasa. Babu dattijon da zai zo ya ce a kashe maganar a gida. Shi ma ya sa hannu a nasa." Ta juya. "Sufeto, ban janye ba."

Ankwa ta yi ƙara a hannun Ƙasimu. Saje Wu ya tasa shi zuwa mota, mutane suka dare suka ba su hanya.