Rigar da Ta Ƙi Matsewa

Tela ya tsaya a bakin gado yana kallon ɗansa. Yaron ya shiga wata huɗu, amma rigar da ya ɗinka masa tuntuni har yanzu lilo take yi a wuyansa.

"Gimbiya, anya yaron nan yana ƙaruwa?"

Matarsa ta sunkuyar da kai, idanunta suka kawo ruwa. Kafin ta amsa, mahaifiyarsa ta bankaɗo labule.

"Ina zai ƙaru? Nononta tsinkakke ne! Ko dai ta koma gidansu in raini maigidana, ko kai ka nemi wata uwar!"

"Haba, Inna..."

"Rufe mini baki! So ya makantar da kai."

Ya tafi shago, amma ya kasa ko zura zare a allura. Da rana ya dawo, ya tarar Gimbiya tana wanki, Inna kuwa ta ɗora jaririn a cinya tana ɗura masa ruwa da cokali.

"Inna, tun yaushe?"

"Kullum mana! A zafin nan a bar shi da ƙishi?"

Ya dubi matarsa. Ta ce, "Na roƙe ta, ta ƙi. Ban so in shiga tsakanin ɗa da uwa ba."

Bai yi musu ba. Durƙusawa ya yi, ya roƙi Inna ta raka su asibiti, tunda ita ce babba.

A asibiti nas ta auna yaron, sannan ta kama ɗan hannunsa, ta dubi Inna. "Mama, cikinsa bai fi dunƙulen nan ba sosai. In ruwa ya cika shi, ina nono zai zauna? In bai tsotsa ba kuma, nonon ya ja baya. Nono zalla har wata shida. Da ruwansa yake zuwa."

Suka iso gida. Inna ta wanke cokalin nan, ta tsoma shi a kwanon abinci, ta tura gaban surukarta.

"Ci, 'yata. Ashe ke ya kamata in riƙa ɗurawa. Ki yafe mini."

Bayan 'yan makonni rigar ta ƙi wuce kafaɗa. Inna ta ja, ta ja, ta rangaɗa kira: "Kai Tela! Ashe ba ka iya ɗinki ba!"

Gimbiya ta yi dariya har da hawaye.

Lallai ƙauna ba tare da sani ba takan cutar, amma mai haƙuri da ladabi ba ya rasa uwa, ba ya rasa mata.