Injin da Dogo Ya Ba da Aro

Auta na zaune a falo, laftop a cinya, wayoyi ja da baƙi a baje kan kafet, sai ga Yaya ya faɗo ko sallama babu, har ya take mata waya guda.

"Ke, rufe abin nan, magana zan yi da ke."

Ta san maganar tun kafin ya buɗe baki. Gasar tseren robot ta kwalejoji da ake yi duk shekara ta ƙarato, kuma bana ce shekarar Yaya ta ƙarshe a makaranta. Bara da bara waccan duk ya kai ƙungiyarsa zagayen ƙarshe, ya dawo hannu rabbana. Ita kuwa Auta wata ƙungiyar take rubuta wa kod, wato umarnin da robot ke bi, kuma shugaban ƙungiyar shi ne Dogo, saurayinta, wanda manyansa ke shirin zuwa neman aurenta wajen Abba bayan gasa.

"Kod ɗinki na shan kwana nake so. Ki turo min yau."

"Yaya, ba nawa ba ne ni kaɗai. Amanar ƙungiya ce."

"Amana? Ciki ɗaya muka fito, amma ɗan sukudireban can ya fi ni a wajenki? To ki ji da kyau, ko ki turo, ko auren nan sai dai ki gan shi a mafarki."

Ba ta tura ba. Shi kuma Yaya, Allah ya yi shi da baƙar zuciya da zaƙin baki, bai yi wata-wata ba ya sami Abba ya shirya masa zance: wai Dogo ƙwaƙwalwar yarinyar kawai yake so, da ya ɗauki kofi zai watsar da ita. Abba kuwa maganar babban ɗansa ba ta faɗuwa ƙasa a wajensa. Ya kira Auta, fuska a murtuke.

"Ki gaya wa yaron nan kada manyansa su tako min gida. Na gama magana."

Ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Umma ta rungume ta tana ta ba ta haƙuri, amma ita ma ba ta iya tunkarar Abba ba.

Washegari a ɗakin ƙere-ƙere ta tarar da Dogo sunkuye yana liƙa waya, hayaƙin dalma na tashi. Ta zayyana masa komai cikin takaici.

"Sai mun kunyata shi a gaban jama'a, wallahi."

"Yayanki ne fa," in ji Dogo, bai ko ɗago ba. "Mu yi aikinmu, mu bar sauran ga Allah."

Sanyin nan nasa ya ƙara ƙona mata rai, har ta ji kamar ta jefe shi da filaya.

Ranar gasa zauren ya cika maƙil. Bayan dandali kowace ƙungiya da teburinta na gyara, kuma al'adar gasar ita ce in kayan wata ƙungiya ya lalace, sai a yi cigiya a lasifika, mai shi ya ba da aro in ya ga dama. Ana gab da zagayen kusa da na ƙarshe sai ƙauri ya tashi daga teburin Yaya. Ya ƙure gudun robot ɗinsa don zalama, ƙaramin injin da ke juya tayar hagu ya ƙone ƙurmus. Aka yi cigiya, aka maimaita. Ba wanda ya motsa, don babu teburin da Yaya bai taɓa yaɓa wa baƙar magana ba.

Irin injin nan guda ɗaya tak su Auta ke da shi a ajiye. Ta ga Dogo ya kai hannu ga akwatin, sai ta danne murfin.

"Kar ka soma. Namu ma tun safe yake ɗaukar zafi, ka sani."

"Na sani."

"Mutumin da ya raba mu za ka ceta?"

"Shekararsa ta ƙarshe ce, Auta. In an cire shi ta haka, gidanku ba zai zaunu ba, ke za ki sha."

Ya zame hannunta a hankali, ya kai injin. Yaya ya fizge yana yatsina.

"Ka ɗauka da wannan za ka saye ni?"

"Aron gasa ne, Yaya, ba toshin aure ba."

Zagayen ƙarshe ya haɗa su biyun. Robot ɗin su Auta ya yi gaba, yana shan kwana sumul, har 'yan kallo sun fara tafi. A kwanar ƙarshe injin nan mai ɗaukar zafi ya ƙone, tayar hagu ta tsaya cak. Robot ya kama juyi a wuri ɗaya, na Yaya ya zo ya wuce shi. Aka ba su Auta damar gyara su sake gwadawa, amma akwati babu komai. Auta ta fita daga zauren tana hawaye, ko kallon Dogo ba ta yi ba.

A gida Yaya ya dire kofi gaban Abba. Abba ya yi ta sa albarka, sannan ya waiwayi Auta da ke rakuɓe a bakin ƙofa.

"Kin gani ko? Ga wanda kika fifita a kan ɗan'uwanki, ya sha ƙasa."

Auta ta jira dariyar Yaya, amma bai yi ba. Ya ƙura wa kofin ido, gumi na tsattsafo masa a goshi.

"Abba, da injinsa na ci," ya faɗa da ƙyar. "Nawa ya ƙone, kowa ya juya min baya, shi ya cire na ajiyarsa ya ba ni, kuma rashinsa ne ya kayar da su. Abin da na gaya maka a kansa ƙarya ne. Kod na nema ta hana ni."

Abba ya daɗe yana kallon ɗansa, kallon da ya fi mari ciwo.

"Ɗauke min kofin nan daga gabana. Ka tashi da ƙafarka ka je gidansu, ka ce ina jiran manyansa."

Yaya ya miƙe. Da ya zo wucewa ta gefen Auta sai ya yi ƙasa da murya.

"Ba wai ina son sa ba ne fa."

"Ni ke son sa, Yaya," ta ce, tana share hawaye. "Kai dai ka yi sauri."

Ranar Auta ta gane cewa haƙurin da ta raina a wajen Dogo shi ya buɗe ƙofar da kuka da fushinta suka kasa buɗewa, kuma wanda ya kyautata wa mai ƙinsa bai yi asara ba, ko da kofi ya kuɓuce masa.