Ɗakin Tsakiya a Kwamfutar Barira

Ku matso kusa. Ke Sakina, kife wayar nan, haskenta na damuna.

Kun san Barira mai surfani, ta wajen Ƙofar Doka a Zariya. Mace ce mai taurin kai, in ta ce e, ko duk gari ya taru ba ta sauyawa. Da mahaifinta Malam Tanimu ya rasu, abin da ya bar mata injin surfani ne da zanen aikin riguna ɗari uku cif. Shi ya zana su da hannunsa, aka shigar da su kwamfuta tun kafin ya rasu.

Sai tsohuwar kwamfutar ta mutu. Ta sayi sabuwa, ta ɗorawa a cinya, ta kwashe zanen ta zuba a ciki. Amma manhajar da ke buɗe su ta ƙi zama a sabon tsarin da kwamfutar ta zo da shi. Yayanta ya ce ta haƙura, zamani ya wuce su. Ta ce sai dai zamani ya dawo ya ɗauke su.

Ta yi tambaya, ta koya. Ashe ana raba rumbun kwamfuta biyu kamar a ja bango a tsakar gida: sabon tsari gefe, tsoho gefe, in ka kunna ka zaɓi wanda za ka shiga. Ta zauna yi wata Laraba da yamma. Garin lissafi ta yi kuskure, ta bar wani ɗan yanki a tsakiya, ba na wannan ba, ba na wancan ba. Ta gani sarai. Ta ce gobe ta gyara.

Aka kira magariba. Maƙwabta suka ja ƙofofi suka tafi masallaci. Ita ko tana zaune, tana jiran aiki ya kammala.

Sai ga wani tsoho a bakin ƙofa. Farar riga, ba aiki ko ɗaya a jikinta. Bai yi sallama ba.

"'Yar Malam, na ga kin yi gini."

Bakinsa ya gama motsi, sannan muryar ta iso. Barira ta lura. Ta kalli ƙasa. Shagon cike yake da guntayen zare, ko kaza ta wuce sai sun tashi. Ya tako har gaban teburinta, ko ɗaya bai motsa ba. Dugadugansa ne a gaba.

Tsoro ya kama ta, ba ƙarya. Amma ta daure.

"Baba, mun tashi."

"Ɗakin tsakiya nake so."

"Ba na ba da haya."

"Ba roƙo na zo ba. Kin ja bango ba bisimilla. Kin bar ɗaki ba kowa. Mun shiga."

Kwamfutar ta mutu, ta kunna kanta. A fuskarta, inda ya kamata a ga zaɓi biyu, sai ga uku. Na ukun ba suna. Injin surfani da ke kashe tun la'asar ya fara aiki shi kaɗai, cak, cak, cak, a kan wani farin yadi.

Ta shiga tsohon tsari da sauri, ta buɗe zanen babanta. Ɗari uku. Tana kallo, ya koma ɗari biyu da casa'in da tara.

"Muna kwashewa a hankali," in ji tsohon. "Muna son aikin Tanimu tun yana raye, ya hana mu. Ki bar mana ɗakin. Za mu ba ki zanen da ɗan Adam bai taɓa gani ba."

Nan ne tsoro ya juye ya zama haushi.

"Ya hana ku yana raye, shi ne kuka jira ya kwanta dama? To ni ce ƙofar yanzu."

Hanya ɗaya ce: ta rushe bangon, tsohon tsari ya haɗiye yankin nan, kowane lungu ya sami mai shi. Amma in kwamfuta ta mutu ana tsakiyar wannan aiki, komai ya tafi, har zanen. Wuta ta ɗauke a daidai lokacin. Batir saura kaɗan, ya yi ja.

"Ki taɓa, ki rasa duka," ya ce, yanzu a bayan kunnenta.

"Gara in rasa da hannuna."

Ta yi bisimilla da ƙarfi, ta danna.

Layin aiki ya fara tafiya kamar ba ya so. Sanyi ya sauka a wuyanta. Ba ta waiwaya ba. Ya kira ta da sunan da babanta kaɗai ke kiranta da shi, da muryar baban. Hawaye ya zubo mata, amma idonta na kan layin, bakinta na Ayatul Kursiyyu. Injin na ta cak, cak, cak. Layi ya kai ƙarshe. Injin ya tsaya.

Ta juya. Ba kowa. Ta kunna kwamfuta: zaɓi biyu.

Zane ɗaya ne bai dawo ba, aska takwas ɗin da Malam Tanimu ya zana a gadon ciwonsa na ƙarshe. A kan farin yadin kuwa an bar mata wani aiki, kyansa har tsoro yake ba mutum. Duk wanda ya gani washegari ya ce ta sa a riga, ta yi suna.

Barira ta ɗauki reza. Kwana uku tana farke shi, zare bayan zare, ta ƙone zaren a bayan shago. A kan wannan yadin ta zauna da allura, ta fitar da aska takwas ɗin babanta daga ka. Ya ɗan karkace ta hagu. Ta ce a bar shi haka, nata ne.

Saboda haka kai Nafi'u, da ka ce gobe za ka raba kwamfutarka biyu: kada ka yi kai kaɗai, kada ka yi da magariba. Kuma ko yankin bai kai ƙwayar gero ba, ka ba shi mai shi kafin ka tashi.