Karkataccen Cokali

Ranar da Nesta ta fara ganin Gethin, rabin gashin bakinsa reto yake yi.

Tsohuwar motar babanta Idwal ta kai wurin da ake ɗaukar Gidan Bakin Gada, shirin barkwancin nan da kowane gida ke zaman kallo ran Lahadi da yamma, labarin wasu iyali masu rigimar tsiya a shekarun 1980. Masu shirin sun nemi aron mota ta wancan zamani, Idwal kuwa ya ce ya ba su, amma baƙon hannu ba zai taɓa masa sitiyari ba. Shi ya sa ya aiko 'yarsa.

Tana fitowa ta ga wani dogo cikin riga mai faffaɗar kwala yana shafa jikin motar.

"Bawan Allah, a hankali. Ta girme ka."

"To ina gaisuwa, Iya," ya ce, ya rusuna wa motar. Rusunawar ce ta ɓalle gashin bakin da aka manna masa. Nesta ta yi dariya har da riƙe ciki.

Sai a lokacin ta gane shi. Shi ne ke fitowa a Wil, babban ɗan gidan, wanda duk abin da ya taɓa sai ya lalace. Kafin ta bar wurin ya karɓi lambarta, wai ko motar za ta ƙi tashi.

Da yamma saƙo ya shigo: "Gashin-baki ne. Mota ta tashi lafiya. Ni ne dai tun ɗazu na kasa tuna ko layi ɗaya na wasan."

Ta amsa: "Ka sha shayi zai wuce. Ni gobe ina da aji."

"To Malamata."

Sunan da ya bi ta ke nan. Kafin bazara ta ƙare, duk garin Caernarfon an san su tare, suna cin kifi da dankali a bakin ruwa, yana kare mata nata daga tsuntsaye.

Sai dai akwai Medi. Ita ce ke fitowa a budurwar Wil, kyakkyawa ce ta gasken gaske, kuma abin haushin ma tana da kirki. Hotonsu su biyu na jikin kowace motar haya, ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Wata rana a kanti wata tsohuwa ta kama hannun Gethin, Nesta na tsaye da kwando.

"Kai Wil, yaushe za ka auri yarinyar nan ne? Kana ɓata mata lokaci!" Sannan ta juyo ga Nesta. "Ke ƙanwarsa ce?"

Gethin ya yi dariya. Nesta ma ta yi, irin wadda ba ta wuce haƙori. An ce kishi kumallon mata ne, to nata tun daga ranar ya fara motsi.

Babanta bai sauƙaƙa mata ba. Idwal kafinta ne da ya ajiye aiki, maganarsa kaɗan ce amma in ta fito sai ta bar tabo. Ranar da Gethin ya zo cin abinci, yana fita Idwal ya ajiye kofinsa.

"Mutumin da ake biyansa ya ce wa mace ina son ki, ta yaya za ki gane ranar da ya faɗa da gaske?"

"Haba Baba, sana'a ce fa."

"Waccan ce sana'a." Ya nuna bangon falo, inda cokalin da ya sassaƙa wa mamanta, Menna, yake rataye. A wurinsu haka aka gada: saurayi ya sassaƙa wa budurwarsa cokali daga itace guda, da hannunsa, uba ya duba ya ga ko hannun nan zai iya riƙe masa 'ya. Samarin yanzu a kanti suke saye. "Ki duba tafin hannunsa, ya fi naki laushi. Ban yarda ba."

Ana nan, wata rana tana neman hankici a aljihun motar Gethin sai hannunta ya taɓa itace. Cokali ne. Mariƙinsa a karkace, zuciyar da aka so fitarwa a kansa ta fi kama da dankali, ga ɗigon jini ya bushe a gefe. Ba ta taɓa ganin abu mai muni haka ba, ba ta kuma taɓa son wani abu haka ba. Ta sumbace shi ta mayar, ta kama bakinta. Tun daga ranar, duk sanda ya sa hannu a aljihu sai ta zuba masa ido.

Sati ya bi sati, shiru.

Ran wata Lahadi tana gidan iyayenta, Idwal ya tafi koyon waƙar coci, ita da Menna suka zauna kallo. Ga Wil ya shigo falon nan na shirin mai labule ruwan goro, yana zufa. Ya durƙusa gaban Medi, ya zaro abu daga aljihu.

Cokalin ne. Mariƙin nan, dankalin nan, babu abin da ya canza. 'Yan kallo suka fashe da dariya, Medi ta rungume shi a ƙirji, sannan ta kama fuskar Gethin ta sumbace shi, sumbar da Nesta ta rantse ta fi ƙarfin abin da aka rubuta.

Menna na share hawayen dariya ta waiga. "Ke lafiya?"

Nesta ta riga ta ɗauki jakarta. Daga cikin mota ta rubuta: "Na gani. Cokalin ya dace da ita. Kada ka kira ni."

"Malamata, wasa ne fa, tun watan jiya aka ɗauka. Bari in zo."

"Cokalin ma wasa ne? Na gan shi a motarka. Ni sakarya ina ta jira."

Ya rubuto: "Na yi alkawarin ba zan yi maganar cokalin nan ba. Ki ba ni 'yan kwanaki, don Allah."

"Wa ka yi wa alkawarin? Ita?"

Ta kashe wayar ba ta jira amsa ba.

Wannan satin Nesta ta ga tasku. Mai kishi ba ya gudun abin da ke ƙona shi, nemansa yake yi: ta maimaita kallon wurin nan har ta haddace inda Medi ta ɗora yatsunta. A makaranta yaran ajinta suka tare ta, "Malama, da gaske saurayinki ya ba wata cokali?" Gethin ya zo ƙofarta da fure, ta leƙo ta taga ta ce ya kai inda ya kai cokali. Abin da ya fi ci mata rai, son nasa ko kaɗan bai ragu ba.

Ran Asabar ta tafi gida, ta sami babanta a rumfar aikinsa ta bayan gida. Ta tsaya a ƙofa.

"Baba, kai ne da gaskiya. Na rabu da shi."

Ta zaci zai ji daɗi. Sai ta ga ya cire tabarau ya hau goge shi babu dalili. Can ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin teburi ya tura mata da ƙafa. Cike yake da cokula, wani ya tsage, wani ba kai, wani kamar kare ya tauna.

"Duk aikinsa ne," in ji Idwal. "Washegarin da na ce ban yarda ba ya zo nan, wai in koya masa. Na ce to, amma in ya faɗa miki kafin in ga cokalin da ya gamshe ni, magana ta mutu. Duk Asabar in mamanki ta tafi kasuwa yana nan yana yanka yatsunsa."

"Na talabijin ɗin fa?"

"Kada ki tuna mini! Shi ne na farko, na ce ya jefa a wuta. Ashe mutanensu sun gani, sun ce daidai da shirmen Wil, suka rubuta shi cikin wasa. Itacen rumfata, duk ƙasa ana yi masa dariya!"

"Kana sane ina kuka sati guda, Baba, ka yi shiru?"

Ya kawar da kai. "Ina so in ga ko zai karya alkawari don ya ceci kansa. Bai karya ba." Ya yi gyaran murya. "Ni ma dai na so in wuce gona da iri. Ki yi haƙuri."

Aka ji motsi a bayanta. Gethin ne, yatsunsa duk filasta, riƙe da abu a naɗe cikin ƙyalle. Bai ba ta ba, Idwal ya miƙa wa. Tsohon ya kai shi wajen haske, ya juya, ya bi bayansa da babban yatsa, ya daɗe.

"Ba laifi," ya ce. A bakin Idwal wannan kirari ne.

Gethin ya durƙusa cikin garin katako. "Malamata, wannan babu wanda ya rubuta mini. Za ki aure ni?"

Cokalin ya yi kyau, fari sumul, zuciya biyu a sarƙe. Nesta ta karɓa hawaye na zuba, amma ta ɗaure fuska.

"Sumbar nan, sau nawa kuka maimaita?"

"Wallahi gashin bakin ne ya yi ta faɗuwa..."

"Gethin!"

"Duk cikin bakina gam ne, ban ji komai ba!"

"To zan aure ka. Amma ina son wancan ma."

"Wane? Mummunan?"

"Shi na fara so. Ba zan bar komai naka a hannun wata ba, ko da na jefawa a wuta ne."

An ɗaura aure a ƙaramin cocin ƙauyensu, Idwal da kansa ya tuƙa amarya a tsohuwar motarsa. Wajen liyafa Medi ta zo da ƙaramin akwati ɗaure da zare, ta ce sai da ta yi faɗa da mai ajiyar kayan wasa kafin ya saki. Nesta ta buɗe, ta ga dankalinta, ta rungume Medi da zuciya ɗaya, ko da yake ta tabbatar teburin Medi na can nesa da na ango.

Idwal ya miƙe da kofi a hannu. "Na ba shi 'yata. Allah ya ba su zaman lafiya, ya albarkaci gidansu, ya kuma raba yaron nan da sassaƙa." Aka amsa da amin cikin dariya.

Suna fitowa sai ga tsohuwar nan ta kanti a bakin hanya, ta dubi ango ta dubi amarya, ta riƙe baki.

"Kai Wil! Ina ka baro yarinyar mutane?"

Nesta ta saƙala hannunta cikin na mijinta, karkataccen cokalin na leƙowa daga cikin furenta.

"Iya, Wil nata ne, ta riƙe shi duk Lahadi. Wannan nawa ne."