Sati Goma a Takardar Sikan

Sati takwas cif da ɗaura aurenta, Amarya ta shigo falon surukarta riƙe da takardar sikan, hoton da na'ura ta ɗauka mata a asibiti, bakinta ya ƙi rufuwa. Shekara huɗu suka yi suna soyayya da mijinta Tela, don haka shi ta fara miƙa wa. Amma yayarsa, wadda kowa ke ce wa Anti Babba, ta riga shi fizgewa.

"Ciki ne? To barka dai... Tsaya!" Ta matsa jikin taga tana ƙanƙance ido. "Mama, sati nawa da bikin nan?"

"Takwas."

"To ga sati goma a rubuce!"

Amarya ta juya ga surukarta.

"Wallahi Mama ban taɓa—"

"Rufe min baki!" Mama ta miƙe tana tafa hannu. "Na'ura ce za ta yi miki sharri? Da guzurinki kika shigo mana gida?"

Amarya ta juya ga mijinta. Shi ya fi kowa sanin yadda ya same ta, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Sai ya zuba wa takardar ido yana lissafi da yatsu, ya gama ya sake.

"Je ki gida tukuna," ya ce, bai ko ɗago ba.

Anti Babba da kanta ta watso mata kaya tsakar gida, har da hoton bikin. Kafin Amarya ta isa gidansu labari ya riga ta. Babanta ya tare ƙofa, ya ce ba dai zaurensa ba. Goggonta ce ta ja hannunta, ta shimfiɗa mata katifa a ɗakin ajiya, tsakanin buhuna da tsohon firji.

Wata uku tana can. Laulayi ya sa ta a gaba, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Ta kira Tela har ta gaji, ta tura masa saƙo: "Don Allah ka saurare ni ko na minti ɗaya ne." Ya karanta, bai amsa ba. In ta fito shanya, matan layi su ce, "Sannu mai saurin hannu!" su kwashe da dariya. Abin da ya fi ci mata rai, ita kanta ta kasa gane inda sati biyun nan suka fito.

Ranar awo, wata dattijuwar nas ta ɗaura mata abin gwada jini, ta ɓata fuska.

"Ke 'yar nan, jininki ya hau. Me ke damunki?"

Amarya ta fashe da kuka, ta faɗa mata komai. Nas ta ajiye biro ta yi salati.

"A kan wannan aka kore ki? Ba ni lambar mijin!"

Tela ya iso da tef ɗin awo rataye a wuya, Mama da Anti Babba na biye. Nas ta ciro kalanda daga bango.

"Mu ba daga ranar da ciki ya shiga muke ƙirgawa ba. Daga ranar farko ta al'adarta ta ƙarshe muke farawa. Ƙwan mace sai wajen sati biyu bayan nan yake fitowa ya haɗu da maniyyin namiji. Wato sati biyun farko babu ma cikin. Ku cire biyu daga goma, nawa ya rage?"

"Takwas," Tela ya faɗa.

"Haɗa baki suka yi!" in ji Anti Babba.

"Ke 'ya'yanki nawa?"

"Biyar."

"To duk biyar ɗin haka aka ƙirga miki. Je ki duba katinki."

Tela ya zube a gaban benci, mata masu awo na kallo. "Ki yafe min—"

"Matar nan ba ta san ni ba, amma ta tambaye ni," Amarya ta ce a hankali. "Kai shekara huɗu ka san ni, ba ka tambaya ba."

Ba ta koma ba sai da babanta ya zo gidan Goggo da ƙafarsa, ya cire hula yana hawaye, Mama kuma ta bi layin gida-gida tana warware abin da suka yaɗa. Wasu sun yarda, wasu sun taɓe baki, domin ƙazafi ya fi gyaransa saurin tafiya.

Ta yafe, ta koma ɗakinta, Allah ya sauke ta lafiya da 'ya mace. Haƙuri ya wanke ta, amma wata ukun nan babu mai mayar mata da su. Duk wanda ya ga abin da bai fahimta ba, ya tambayi masu ilminsa kafin ya buɗe baki, domin mutuncin mace ba abin lissafi da yatsu ba ne.