Hannuwan Fosca

"Saki yatsun nan, abar ƙaunata... kada ki ƙanƙame su."

"Awa uku fa, Alvise! Hannu ne, ba katako ba!"

Rigar alharinin da ke jikin Fosca ba tata ba ce. 'Ya'yan manyan Venice ba sa juriyar zaman zane. Fuska kawai suke bayarwa su tafi, riga da hannuwa sai mai zane ya nemo wata ta zauna a madadinsu. Shekara biyu Fosca, 'yar masunci mai koyar da yara karatu, tana yi wa Alvise wannan zama. Shekara biyun nan maganarsa kan aurensu ɗaya ce: "Ki ƙara haƙuri, zan shawo kan Mamma."

Ranar buɗe hoton, mahaifiyarsa Sinyora Zanetta ta shigo riƙe da wadda aka zana, Ludovica, wadda ta zaɓa masa ya aura. Ta hango Fosca ta yatsina fuska.

"Mai ƙarnin kifin nan har yanzu ba ta tafi ba?"

Aka yaye ƙyalle. Sinyora ta dafe ƙirji.

"Kai! Dubi yatsu! Daga gani ka san jinin manya ne. Wannan hannun zan saka wa zoben kakarka, ɗana."

Ludovica ta yi saurin ɓoye nata a bayanta.

Fosca ta tako ba gaggawa, ta ɗora hannunta kusa da hoton. Ga ɗan tabo a babban yatsa, ga shi kuma a zane.

"Ƙugiyar babana ce ta yi min shi, Sinyora, ina 'yar shekara tara. Zoben fa, yanzu za ki saka ko sai na wanke ƙarnin?"

"Alvise! Ce min ƙarya take!"

Fosca ta juya gare shi. Shi ya sumbaci tabon nan kafin ya zana shi. Kalma ɗaya kawai take jira...

Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki buroshi.

"Inuwa ce kawai, Mamma... bari in gyara."

Shafa ɗaya, tabon ya ɓace.

Fosca ta dube shi sama da ƙasa, ta yi 'yar dariya.

"Ita dai ta samu aron hannu. Kai kuwa, wa zai ara maka baki?"

Ta fita kanta a sama. Sai da ta haye gada ta uku ta bar hawayen suka zubo, ta share su da yatsan nan mai tabo.