Saƙon Tsohuwar Sawakin

Daren da aka yi sadakar bakwai ɗin Innarmu, ba wanda ya runtsa. Baƙi sun watse. An kife tukwane. Ba wuta, sai 'yar fitila a bakin ɗakinta, ɗakin da har lokacin ƙamshin man zafinta bai gama fita ba.

Ni da ƙanwata Zinatu muna kan tabarma. Yaya Tukur, ɗan wan babanmu, yana jingine da turmi. Mutum ne mai yawan tafiya, amma yana da hali ɗaya da dangi suke ƙorafi a kai: ba ya karɓar saƙo. Ko goro ɗaya ka ce ya kai wa wani, sai ya mayar da hannunsa baya.

Can ya ce, "Nafi'u, Inna ta tafi ban faɗa mata dalilin da ya sa ba na karɓar saƙo ba. Sau uku tana yi min faɗa a kai. Bari ku ku ji. Amma ku fara yin bisimilla."

Muka yi. Ya rage murya. Ga labarin da bakinsa, yadda kunnena ya riƙe.

Shekarar da na raka maigidana zuwa Sudan kan harkar ƙaro, kafin yaƙin nan, mun yi wata biyu a Bur Sudan. Na gaji da wake da burodi. Kunnena yana ƙishin Hausa.

Wata Asabar aka ce mu je kallon Sawakin, tsohon birni ne a bakin Bahar Maliya. Ni na fi kowa zumuɗi, don Inna ta ce in ɗauko mata hoton hanyar da alhazan dā suke bi. Mu tara muka tafi. Jagoranmu sunansa Abkar, jikan mutanenmu ne da suka yi zamansu a can. Hausarsa rabi Larabci ce, kamar miya ba gishiri.

Garin tsibiri ne. Siririyar hanya ɗaya ce ta haɗa shi da tudu. Gidajen da farin dutsen teku aka gina su, wasu hawa biyu, wasu uku, yawanci sun zube. Ka ga bango tsaye ba ɗaki. Ka ga matakala ta hau sama ba ta isa ko'ina ba. Ba kowa sai maguna. Kuma magunan ba sa kuka. Kallo kawai.

Abkar ya nuna bakin ruwa ya ce, "Nan kakanninku suke jiran jirgi. Daga ƙasar Hausa a ƙafa, shekara biyu, shekara uku. Wasu sun haye. Wasu sun koma. Wasu har yau."

Na ce, "Har yau me?"

Ya dai ce, "Ya Tukur, kada ka ware. Garin nan mutum ɗaya ba ya yawonsa."

Na ce to. Amma sai na hango wata taga ta katako, an yi mata sassaƙa kamar zanen lalle. Na ce wannan ta Inna ce. Na tsaya na ɗauka. Na sake ɗauka. Da na ɗago, ba su.

Rana ta take tsaka. Iska ta tsaya cak.

Sai na ji daka.

Ba dakan ko'ina ba, irin na gida, wanda mace take cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Tim. Tafi. Tim. Wallahi hawaye ne suka fara zuwar min, ba tsoro ba. Na bi sautin lungu biyu, har bakin wani gida da ba rufi. Na yi sallama.

Aka amsa min da Hausa tsantsa. "Maraba da ɗan gida. Shigo."

Zinatu ta katse shi. "Yaya, ka shiga?"

Ya ce, "Ke da za ki ƙi? Wata biyu ba wanda ya ce min maraba."

Ya ci gaba.

Tsohuwa ce zaune kan dutse, ta fuskanci teku. Baƙin zanen saƙi a jikinta, irin wanda yanzu sai a adakar kakanni. Ya sauka har ƙasa ya rufe ƙafafunta. Na duba ko'ina. Ba turmi. Ba taɓarya. Dakan kuma ya tsaya.

Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Daga ina?"

"Daga Haɗejia, Iya."

"Jirgi ya zo?"

"Wane jirgi, Iya?"

"An ce mu jira."

A nan na lura da abu ɗaya. Bakinta yakan rufe kafin maganar ta iso kunnena. Kamar wadda take magana daga ƙasan rijiya. Na ce a raina zafin rana ne yake wasa da ni.

Ta ce, "Ka san Kafin Tsamiya? Gabas da ku ne, yinin ƙafa."

Na ce, "Zan tambaya."

"Na bar 'yata can. Hansai. Na yaye ta na bar wa uwata, na ce damina uku zan dawo. Tana kuka ta riƙe min zane." Sai ta zaro wani ɗan ƙulli daga ƙugunta, bai kai ƙwan kaza ba. "Ga tsarabarta. Ka kai mata."

Kun san yadda aka rene mu. Babba ya miƙo maka abu, hannu biyu kake sawa. Balle tsohuwa, a baƙuwar ƙasa, ta ce kai wa 'yata. Ban yi tunanin komai ba. Na matsa, na tara hannu biyu, na ce, "In Allah ya yarda, Iya, hannu da hannu."

Ƙullin ya sauka a tafina. Sanyi kamar an ciro shi daga randa.

Ina durƙushe, kaina a ƙasa, sai zanenta ya ɗan janye.

Diddige ne a gaba. Yatsun suna baya. Fuskarta tana kallon gabas, ƙafafunta suna kallon yamma, wajen gida. Kuma jiƙe suke sharkaf. Ruwa yana ɗiga daga gare su kan busasshiyar ƙasa, ɗis, ɗis.

Ta ce, "Ka ce hannu da hannu."

Na miƙe a hankali.

Ta ce, "Na ji."

Na fita da baya da baya. Da na isa ƙofa na zura a guje. Na bi lungun da na shigo, sai ga ni a ƙofar gidan. Na bi wani, sai ga ni a ƙofar gidan. Sau huɗu. Magunan sun jeru kan bango suna bina da ido. A bayana kuma ina jin taku, irin na wanda ya fito daga rafi. Caɓ. Caɓ. In na tsaya ya tsaya.

Ayatul Kursiyyu da na haddace tun ina ɗan shekara bakwai, na kama ta ta kuɓuce. Na sake kamawa. A karo na uku ta fito har ƙarshe. Sai na ji ana ƙwala min kira. Abkar ne, ya yi gumi sharkaf. Na ɗaga kai, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Ni a ganina ko rabin awa ban yi ba.

Ya ga abin da ke hannuna, ya ja da baya.

"Wa ya ba ka?"

Na faɗa masa.

"Da hannu nawa ka karɓa?"

"Biyu."

"Me ka ce?"

Na faɗa masa.

Ya dafe kai. Ni kuwa na ɗaga hannu zan wurga ƙullin cikin teku. Ya cafke ni da ƙarfi. Ya ce, "Kul! Wani mutumin Damagaram ya taɓa jefarwa. Da asuba aka tsinto shi cikin ruwa har wuya, idonsa a rufe, yana lalube. Bai ƙara sanin sunansa ba. Turawa suna zuwa nan, Larabawa suna zuwa, ba abin da yake samunsu. Su ba sa jin dakan. Ko sun ji, ba sa miƙa hannu. Ku ne ba ku iya cewa a'a ba. Ka ɗauki amana, ya Tukur. Ka kai."

Kwana goma sha ɗaya muka ƙara kafin mu taso. Kullum da safe sai in tarar da sawun ƙafa a jiƙe gefen katifata. Biyu kawai, a jere, kamar na wanda ya kwana tsaye a kaina. Na sauya ɗaki. Na tarar da su. Muka sauka Kano, na kwana a gidan maigidana, ɗaki mai tayil, ƙofa a kulle. Na tarar da su. Na dangwala da yatsa na lasa. Gishiri.

Ban ko tsaya gida ba. Na yi ta tambayar Kafin Tsamiya a tasha, har wani tsoho mai sayar da igiya ya ce ya san wurin. Gida bakwai ne suka rage a ƙauyen. Na ce ina neman Hansai. Ina sa ran a nuna min kabari.

Aka nuna min ɗaki.

Tsohuwa ce tukuf, ta haura tamanin, idonta ya tafi. Na gaishe ta. Na ce, "Saƙo aka ba ni daga Sawakin." Na sa mata a hannu, hannu da hannu.

Ta daɗe tana shafa ƙullin. Ta kwance da haƙorinta ɗaya da ya rage. Dabino uku ne a ciki, sun bushe kamar tsakuwa. Sai wata 'yar munduwa ta azurfa, ta hannun yarinyar goye. Yatsunta biyu kawai suka shiga.

Ta kai tsumman hancinta. Ta ce, "Tun ina yarinya ake ce min ta ga Makka ta manta da ni."



Sai ta ɗaga fuska. Ba ni take fuskanta ba. Ƙofar da ke bayana take fuskanta.

"Yaro, da wa ka zo?"

"Ni kaɗai ne, Iya."

"A'a." Ta yi murmushi. Ta ce da ƙofar, "Ku shigo mana, kun tsaya a rana."

A bayana na ji caɓ.

Ban waiwaya ba. Na rufe ido, na raɓa ta jikin bango na fita. Wani sanyi ya gifta ta gefena, mai warin teku. Takalmina ma a can na bar su.

Bayan kwana uku aka aiko cewa Hansai ta rasu, munduwar a yatsunta. Tun ranar ban sake ganin sawun ba. Na je wurin malamina na ba shi labari. Ya ce matattu ba sa dawowa, wanda ya tafi ya tafi. Ya ce mai yiwuwa aljanar gidan ce ta ga baiwar Allah ta mutu da ƙulli a hannu, ta ari fuskarta ta riƙe mata amana. Allah ne masani.

Nan Yaya Tukur ya tsaya. Zinatu ta cusa kanta cikin mayafin Inna, ta ƙanƙame hannuna.

Ni kuwa wani abu ne daban yake cina. Inna ta rasu ina Legas wajen neman aiki. Ban same ta ba. An ce ta yi ta tambaya ko na iso.

Na ce, "Yaya, in mutum ya je can, su ma suna karɓar saƙo? A kai wa wanda ya tafi?"

Ya kamo hannuna ya ɗora kan tafinsa. Daren da zafi, amma tafin sanyi ƙalau, da danshi. Ya ce, "Shekara shida ke nan bai bushe ba. Ladan kai saƙo ke nan."

Sai ya matso har ina jin numfashinsa.

"Akwai abin da ban faɗa ba. Da muka hau siririyar hanyar nan za mu fita, Abkar ya ce kada in waiwaya. Na waiwaya. Nafi'u, kowace taga ta garin nan akwai hannu a miƙe. Ba fuska, hannu kawai. Na maza, na mata, har da ƙanana. Kowanne da ƙullinsa. Ni suke miƙo wa."

Fitilar bakin ɗakin Inna ta yi ƙasa, ta dawo.

"Bayarwa suke yi, ba sa karɓa. Saƙon Inna hanyarsa ɗaya ce, ka yi alwala ka ɗaga hannu. In kuma Allah ya kai ka kallon tsohon gari a ƙasar wasu, ka riƙe rigar na gabanka. Kada ka bi lungu kai kaɗai, ko da rana tsaka. In ka ji dakan gida inda ba gida, ka toshe kunne. In an miƙo maka, ka mayar da hannunka baya, a ce ba ka da tarbiyya."

Ya tashi ya kife turmin da ya jingina da shi, ya ɗora dutse a kai.

Na yi alwala, na yi wa Inna addu'a har muryata ta dishe. Amma ba zan ɓoye ba. Da na kwanta, kunnena yana wajen turmin nan har aka kira assalatu. Dakan Inna ma da tafi yake.